Yadda Ake Gane Zara, Mushtari da Sauran Taurari a Samaniyar Kebbi da Zamfara

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Argungu. Bayan sallar Magariba nakan ga wata tauraruwa mai tsananin haske a yamma, wani lokaci dab da jinjirin wata, sai kuma a yi watanni ba a ganinta. Ɗalibaina sun tambaye ni ko ita ce tauraron ɗan'adam, na rasa amsar da zan ba su. Yaya ake rarrabe abubuwan da ke sama da dare, kuma wane madubin hangen nesa ya kamata in saya?

Amsa: Malam, wadda kake gani Zara ce, wadda malamai ke kira Zuhura a littattafai. Ba tauraron ɗan'adam ba ce. Duniya ce mai kewaya rana, girmanta ya kusa kai na tamu, kuma farin gajimare ya lulluɓe ta ko'ina, shi ya sa take maido da hasken rana da ƙarfi haka. In ka cire rana da wata, babu abin da ya kai ta haske a sama. Hanyar da take bi ta fi tamu kusa da rana, saboda haka a idonmu ba ta taɓa yin nisa da rana fiye da digiri 47. Ma'ana, ko a lokacin da ta fi daɗewa, awa uku ne ko ɗoriya kaɗan bayan faɗuwar rana ita ma ta faɗi. Duk tauraron da ka gani tsakar ka da tsakar dare, komai haskensa, ba Zara ba ce.

Ɓacewar da take yi ma tana da lissafi. Takan yi kimanin wata takwas tana fitowa a yamma, sai ta ratsa tsakaninmu da rana ta ɓuya na 'yan kwanaki, sai ta ɓullo a gabas kafin asuba. A nan ne muke kiranta Gamzaki. Ta yi wani wata takwas ɗin a gabas, ta zagaya bayan rana ta yi wata biyu ko fiye ba a ganinta, sannan ta dawo yamma. Zagayen gaba ɗaya kwana 584 ne. Shi kuwa wata, duk wata sai ya ratsa ta kusa da ita, dalilin da ya sa ake mata kirari da matar wata ke nan.

Maganar sayen madubi kuwa, ka ɗan riƙe kuɗinka tukuna. Wanda bai san sama da idonsa ba, in ya sayi madubi bai san inda zai auna shi ba, ƙarshenta ya jefa shi ƙarƙashin gado. Duniyoyi biyar, wato Zara, Mushtari, Mirrihu, Zuhal da Uɗaridu, ana ganinsu da ido ƙuru-ƙuru, kuma kakanninmu da ido suka san su.

Abu na farko da za ka koya shi ne hanya. Rana, wata da duniyoyin nan duk turba ɗaya suke bi daga gabas zuwa yamma. Mu da muke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, daga Birnin Kebbi har Gusau, turbar nan takan bi kusa da tsakar kanmu, ta ɗan karkata kudu ko arewa gwargwadon lokacin shekara. Saboda haka tauraro mai haske da ka hango can ƙasa a kudu sak, ko can ƙasa a arewa, ba duniya ba ce. Abu na biyu ƙyaftawa. Taurari suna da nisan da ya sa haskensu ɗigo ɗaya ne tak, iska kaɗan ta motsa sai ya yi rawa. Duniyoyi suna kusa, suna da ɗan faɗi ko da ido bai rarrabe ba, sai haskensu ya tsaya cak. Amma wannan gwaji yana ruɗi in abin yana ƙasa-ƙasa, domin a nan komai rawa yake. Bari ya ɗaga sama tukuna ka yanke hukunci.

Kana kuma bukatar ma'auni, kuma yana jikinka. Miƙe hannunka iyakar tsawonsa. Faɗin ƙaramin yatsa digiri 1 ne, yatsu uku a haɗe digiri 5, dunƙulallen hannu digiri 10. Daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa tsakar ka dunƙule tara ne. Cikakken wata rabin digiri ne kawai, ƙaramin yatsa yana rufe shi, har lokacin da yake fitowa ya yi jajir kana ganin ya ƙara girma. Sama tana juyawa digiri 15 a awa ɗaya, wato dunƙule ɗaya da rabi. In Zara tana dunƙule uku sama da ƙasa, kana da kimanin awa biyu kafin ta faɗi. Ka koya wa ɗalibanka wannan, domin da shi za su iya kwatanta wa juna wuri ba tare da "can, can" ba.

Mushtari shi ne na biyu a haske cikin duniyoyin, fari mai ɗan ruwan ɗorawa, kuma shi ne aka fi ɗauka a matsayin Zara. Bambancin shi ne yana iya kwana a sama tun daga Magariba har asuba. Hakan na faruwa duk bayan wata 13, lokacin da duniyarmu ta shiga tsakaninsa da rana. Shekara 12 yake yi kafin ya kewaye rana, saboda haka kusan burji ɗaya, wato ɗaya daga rukunan taurari 12 da ke kan turbar, yake ci a shekara. Mirrihu ja ne, kuma haskensa ba ya tsayawa wuri ɗaya: duk wata 26 yakan kusanto ya yi haske sosai na 'yan watanni, sauran lokaci ya dusashe har ka rasa shi cikin taurari. Ya kusanto a Janairun 2025, sai kuma Fabrairun 2027, kuma a Fabrairun nan na 2027 shi da Mushtari duk suna fitowa gabas da Magariba, tazararsu kimanin dunƙule ɗaya. In ka riƙa zana matsayinsa tsakanin taurarin da ke kewaye da shi duk mako a irin wannan lokaci, za ka ga ya tsaya, ya koma baya na kusan wata biyu da rabi, sannan ya ci gaba. Ba shi ya juya ba, mu ne muka wuce shi a hanyar ciki. Zuhal rawaya ne, haskensa matsakaici, tafiyarsa sannu, shekara 29 da rabi kafin ya kewayo. Uɗaridu ne mai wuya, domin ba ya nisa da rana fiye da digiri 28. Sai dai mu a nan mun fi mutanen Turai sa'a, don turbar tana miƙewa kusan tsaye daga ƙasa. Ka neme shi minti 40 bayan faɗuwar rana, dunƙule ɗaya sama da inda ta faɗi, a makonnin da manhajar waya ta kallon taurari ta nuna ya yi nisa da ita.

Tauraron ɗan'adam da yaran suka ambata, ga yadda yake. Ɗigon haske ne da ke tafiya a hankali ba ƙyaftawa ba ƙara, ya ratsa sama cikin 'yan mintuna. Ba ya da fitila, hasken rana yake maidowa, shi ya sa aka fi ganinsa awa ɗaya ko biyu bayan Magariba da kuma kafin asuba, kuma yakan ɓace farat ɗaya a tsakiyar sama in ya shiga inuwar duniya. Mafi haskensu shi ne tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke nisan kilomita 400 tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90. In ka ga jerin ɗigo-ɗigo suna bin juna a layi, sababbin na'urorin Starlink ne da aka harba. Mai walƙa ja da kore jirgin sama ne.

Yanzu wata, wanda shi ya fi shafar rayuwarmu. Daga haihuwa zuwa haihuwa kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30, shekara kuma ta yi kwana 354. Kullum yana matsawa gabas da kimanin digiri 13, sai fitowarsa ta yi jinkirin kusan minti 50. A daren 29, in za ka duba jinjirin wata, ka nemi wuri da yamma take a buɗe, ba itace ba gini, tun kafin rana ta faɗi, ka riƙe daidai inda ta nitse da wata alama, ko giginya ko turken wuta. Ka fara dubawa minti 15 zuwa 20 bayan faɗuwarta, daga wannan alama zuwa sama dunƙule ɗaya ko ɗaya da rabi, ka ɗan waiga dama da hagu. A ƙasarmu jinjirin yakan zauna kamar ƙoƙo, ƙahonni sama, ya ɗan karkace zuwa gefe ɗaya gwargwadon lokacin shekara. Gefen da ke da haske dole ya fuskanci inda rana ta faɗi. Abin da aka gani ƙahonninsa na kallon ƙasa ba wata ba ne, galibi tsinken gajimare ne da hasken rana ya taɓa, ko hayaƙin jirgi.

Akwai iyaka ga abin da ido zai iya. In tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, babu jinjirin da za a gani ko da madubi. Ido zalla yakan bukaci digiri 10 ko fiye, kuma watan ya daɗe minti 40 ko fiye bayan faɗuwar rana. In ya riga rana faɗuwa, magana ta ƙare. Mutanen Kebbi suna da ɗan rinjaye a nan, domin rana tana faɗuwa a Birnin Kebbi sama da rabin awa bayan ta faɗi a Maiduguri, watan ya ƙara ɗan girma. Akwai kuma gardamar da ake yi duk shekara, a ga jinjiri ya fito da kauri a ce "wannan ai ɗan kwana biyu ne". Kaurinsa ba hujja ba ne. In jiya da Magariba awa 12 ke gare shi da haihuwa, ba ya ganuwa, yau kuwa yana da awa 36, dole ya fito da kauri ya kuma daɗe, alhali daren farko ne. Wanda ya gani da gaske, ya riƙe lokaci, tsawonsa daga ƙasa da yadda ya karkata, ya kai wa hakimi ko alƙalin yankinsa. Sanarwa ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, bayan kwamitin ganin wata ya tantance.

Taurari kuma kowane lokaci da nasa, don kullum suna riga jiya fitowa da minti 4, wato awa biyu a wata. Da hunturu, wajen ƙarfe tara na dare, Kaza da 'Ya'yanta tana kusa da tsakar ka. Ita ce Suraiya. Ido mai kyau yana ƙirga shida ko bakwai. Kudu maso gabas da ita akwai taurari uku a jere, tazararsu daidai, a tsakiyar rukunin taurarin Jauza'u. Ka riƙe ukun nan da kyau, domin daga gabas sak suke fitowa, yamma sak suke faɗuwa. Ka ja layinsu gefe ɗaya ya kai ka ga Dabaran mai ja, ya wuce zuwa Kaza. Ka ja shi ɗaya gefen ya kai ka ga Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske in ban da duniyoyi, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Haskensa shekara takwas da rabi yake yi a hanya kafin ya iso, na rana kuwa minti takwas. In yana ƙasa yakan yi walƙiya ja, shuɗi da kore har mutane su tsorata, alhali iska ce ke wasa da haskensa. Can kudu, dunƙule biyu da rabi daga ƙasa, Suhailu ne, na biyu a haske.

Da bazara ka juya arewa. Taurari bakwai na Banatu Na'ashi suna sama, huɗu murabba'i uku jela. Biyun da ke bakin murabba'in, nesa da jelar, in ka ja layinsu ninki biyar na tazararsu za ka sauka kan tauraron arewa. Ba shi da haske sosai, kuma a wurinmu dunƙule ɗaya da yatsu biyu kawai yake daga ƙasa, hazo kan cinye shi. Amfaninsa shi ne ba ya gusawa. In ka same shi ka sami alƙibla: daga Birnin Kebbi har Gusau tana wajen digiri 70 daga arewa zuwa gabas, wato ka fuskanci gabas sak ka karkata hagu dunƙule biyu. A ƙarshen Afrilu da Mayu, tsakanin tara da sha ɗaya na dare, ka duba kudu ƙasa-ƙasa, za ka ga taurari huɗu a gicciye da wasu biyu masu haske a hagunsu. Na can hagun shi ne mafi kusa da mu cikin duk taurarin da ido ke gani, shekara huɗu da 'yan watanni na tafiyar haske. Da damina Kunama ce ke mulkin kudu, da jan tauraronta Ƙalbu a ƙirji da jela a lanƙwashe. Ana yawan rikita Ƙalbu da Mirrihu, sai ka koma ga gwajin ƙyaftawa. Sunayen nan ba baƙi ba ne ga dattawan manoma da malaman zaure, don Suraiya, Dabaran da Ƙalbu duk suna cikin manzilolin wata 28 da ake lissafin shuka da girbi da su, kowane kwana 13, ɗaya 14, jimla 365. Zai yi kyau ka gayyato mai wannan ilimi ya zauna da ɗalibanka.

Lokacin da sama ta fi kyau a wurinmu shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta sauko ba. Sai kuma daren da aka yi ruwa da la'asar gari ya washe. In hazo ya sauka, ka bar ƙananan taurari ka koma kan wata da duniyoyi, ka kuma duba tsakar ka inda ƙurar ta fi sauƙi. Ƙananan taurari da duhun wata ake nemansu, daga 25 ga watan Musulunci zuwa 3 ko 4. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, kuma duba waya sau ɗaya yana rushe wannan. Ka ɗaure jar leda ninki biyu a bakin tocila. Manhajar Stellarium kyauta ce kuma tana da jan haske na dare, amma ka tabbata ka sa mata garinku, ka kuma nisanta wayar daga ƙarfe, in ba haka ba kamfas ɗinta zai nuna maka arewa a inda ba nan take ba. Ba sai ka fita daji ba, musamman a yankunan da tsaro bai inganta ba. Tsakar gida, saman soro ko filin makaranta a cikin gari sun isa, ka juya wa fitilar sola baya. A sa takalmi saboda kunama. A daren 13 da 14 ga Disamba ka shimfiɗa tabarma ka kwanta rigingine bayan ƙarfe goma, za ka ga taurari masu gudu da yawa in babu farin wata. Tsakuwoyi ne ƙanana ke ƙonewa a iska.

In ka yi wata biyu ko uku a haka, to ka sayi madubi mai ido biyu, 7x50 ko 10x50. Lambar farko ninkin kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita, kuma ita ta fi muhimmanci don ita ke tara haske. Wanda ya wuce ninki 10 hannu ba ya riƙe shi ba rawa. Ka guji mai jan gilashi da wanda ake murɗawa a ƙara ninki. Kafin ka biya, auna shi kan turke mai nisa. In ka ga turken ya zama biyu, ko idonka ya fara ciwo, gilasan ciki sun goce, kada ka karɓa. Wurin saitawa, rufe idon dama ka murɗa dabaran tsakiya har hagu ya gani tar, sannan ka rufe hagu ka murɗa zoben idon dama. Ka jingina gwiwar hannu a katanga. Da wannan za ka ga ramukan wata, kuma daren 6 zuwa 9 ya fi, a bakin iyakar haske da duhu inda inuwa ke da tsawo. Daren 14 ba inuwa, sai hasken ya kashe maka ido. Za ka ga watannin Mushtari huɗu a jere gefensa, waɗanda Galileo ya gani a 1610. Na ciki yana kewayawa cikin ƙasa da kwana biyu, na waje kusan kwana 17, saboda haka jerinsu na yau daban da na gobe. In ka ga uku, ɗayan yana gabansa ko bayansa.

Zoben Zuhal sai babban madubi mai ƙafa, mai faɗin milimita 70 ko 80, a ninki 30 zuwa sama. A Maris 2025 zoben ya juyo mana da gefensa har ya kusa ɓacewa, daga nan yana buɗewa a hankali har 2032. Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Iyakar ninki mai amfani shi ne faɗin gilashi sau biyu, wato 140 ga mai milimita 70, duk mai alkawarin 500 dishi-dishi zai nuna maka. Ƙafa mai rawa ta fi gilashi mara kyau ɓata aiki. Tun gari da haske ka saita ƙaramin madubin nema da ke jikin babban a kan hasumiyar masallaci mai nisa, ka fara da gilashin ido mai babbar lamba, misali 25. Ana raba tsawon madubin a milimita da wannan lamba don samun ninki: 700 a raba da 25 ya ba da ninki 28, da 10 kuma ninki 70. Hoto a kife ba lalacewa ba ce. Abin da kake kallo zai riƙa zamewa cikin minti ɗaya ko biyu saboda juyawar duniya, sai ka bi shi. Ka fitar da madubin ya sha iska rabin awa, kuma kada ka auna ta saman rufin kwano da ya sha rana, zafin da ke tashi yana sa hoto rawa. Da hunturu kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar yashi ce, tana karce shi. Ka fara busa ta da robar hura iska, sannan tsumma mai laushi. In raɓa ta kama shi, bar shi a buɗe a ɗaki ya bushe kafin ka rufe.

Gargaɗi ɗaya da ba sassauci a cikinsa: kada kai ko yaro ya auna kowane madubi ga rana, ko na ƙiftawar ido, domin makanta ce nan take. Mutanen Gusau da dama suna tuna husufin 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi. Wani yana tafe ranar 2 ga Agusta 2027, zai cika a Masar da Saudiyya, mu kuma wani ɓangare na rana ne zai rufe mana da hantsi in hadari ya bari. Baƙin tabarau, gilashin da aka turara da hayaƙi da fim ɗin hoton asibiti duk ba sa kare ido. A irin wannan rana ka kai ɗalibai ƙarƙashin dogon yaro su dubi ƙasa, ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye zai koma siffar jinjirin wata. Ko kuma kowa ya huda kwali da allura, ya juya wa rana baya, ya ɗaga kwalin ta kafaɗarsa, hoton ya sauka kan farar takarda da ke nisan kamu biyu.